Mai Sikeli da Ɗan Gida

Shekara arba'in da ɗoriya Mai Sikeli ya yi a rumfa ɗaya, a layin bayan mahauta, yana gyaran sikelin mutane. Rumfar ba ta fi ɗakin girki ba. Teburi ne guda, da kwalin sifirin, wato naɗaɗɗun wayoyin cikin sikeli, da gwangwanin mai, sai wani dutsen awo na tagulla mai kilo ɗaya cif da ya gada a wurin ubangidansa. Wannan dutse shi ne alƙalinsa. Duk wanda ya kawo sikeli, ko da rantsuwa ya haɗo, Mai Sikeli ba ya musu da shi. Dutsen zai ɗora, ya zuba wa allura ido. "Ni ba na yarda da sikeli," in ji shi, "sai na ɗora masa kaya." Mutum ne mai saurin hawa da saurin sauka, kuma ko a mafarki bai taɓa zaton akwai mai iya yi masa algus ba.

'Ya ɗaya gare shi, nas ce a asibiti, yana kiran ta Uwata. Tun da mahaifiyarta ta rasu, kullum ta tashi daga aiki sai ta biyo ta rumfar, ta naɗa masa abin awon jini a damtse, ta yi masa faɗa kan cin gishiri. Shi kuma ya ce na'urarta ce ke neman gyara. Wannan rabin sa'ar ita ce daɗin yininsa, ko da yake da za ka tambaye shi cewa zai yi takura ce.

Da ƙanensa, tsohon malamin lissafi da kowa ke kira Malam, ya fito takarar kansila, Nas ce ta buɗe wa magoya baya guruf a waya, ta ɗora ubanta a kan riƙonsa. Ta zaunar da shi ta nuna masa yadda ake tura murya, da yadda ake cire mutum in ya kawo zagi. Mai Sikeli ya ɗauki abin da zafi, har sabon tabarau ya saya.

Masu zagi ba su ba shi wahala ba, ɗan yatsa ɗaya ya ishe su. Wanda ya shiga ransa wani ne mai kiran kansa Ɗan Gida. Ba hoto, ba wanda ya san fuskarsa, amma baki kamar zuma. Kullum da safe shi ne farkon gaisuwa. "Allah ya ba Malam nasara. Ni fa naku ne tun farko, amma..." Daga nan sai damuwa ta biyo baya. Yau ya ji ana raɗe-raɗin Malam ya sayar da takara, kuma abin ya hana shi cin abinci. Gobe ya ga Malam ya rame a hoto. Jibi yana tambaya, don Allah, ba gara dattijo ya janye da mutuncinsa ba, da a kayar da shi a gaban ɗalibansa? Jikin mutane ya dinga sanyi. Masu alkawarin liƙa fasta suka fara samun uzuri.

"Baba, wannan kura ce da fatar akuya," in ji Nas, tana matsa robar awon.

"Ke dai ba ki son mai gaya muku gaskiya. Ya taɓa zagin wani?"

"Ya taɓa zuwa ko sau ɗaya? Ɗora masa dutsenka mana."

Maganar ta zauna masa. Ya rubuta a guruf cewa ranar Asabar akwai taro a filin makaranta, kuma ana neman masu ɗaukar benci, musamman Ɗan Gida. Asabar ɗin aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Waɗanda suka zo suka kinkimi bencina suka koma wani garejin kanikawa, aka yi taro a can, mutum kan mutum har waje. Da yamma sai ga saƙon Ɗan Gida: "Tun farkon taro har ƙarshe ina tsaye a filin makaranta. Malam na magana, benci duk wayam. Wallahi sai da na yi hawaye."

Mai Sikeli ya karanta sau uku. Ya cire Ɗan Gida daga guruf, ya kife wayar, kunya ta rufe shi. Shi da ke gane sikelin ƙarya tun daga bakin layi, wata biyu ana auna masa iska yana godiya!

To, wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Daga ranar, duk wanda ya rubuta "ina tare da ku, amma", ya bar guruf. Mai wanki ya ce lasifika ba ta da ƙara, aka cire shi. Wata mai sayar da ƙwai ta ce fastar ta yi duhu, ta bi shi. Guruf ya koma ba abin da ake ji sai "sai Malam", kuma Mai Sikeli ya ɗauka lafiya ce ta samu.

Rannan Nas ta rubuta, a gaban kowa, don ta gaji da faɗa a ɓoye ba a ji: "Ni taku ce, kun sani. Amma ƙafafun Baffa sun kumbura, jiya yana magana yana haki. A rage masa yawo, ya ga likita."

Mai Sikeli ya ji kamar Ɗan Gida ne ya dawo da bakin 'yarsa. Ya hau dokin zuciya. Kafin ya gama tunani ɗan yatsansa ya riga ya gama aiki, kuma mutum ɗari biyu suka ga rubutun da ke cewa ya cire ta.

Washegari ba ta biyo ba. Ya ce aiki ne ya yi mata yawa. Kwana uku, ya ce fushin yara ne. Amma da la'asar ta yi sai ya tsinci kansa ya naɗe hannun riga har damtse, yana kallon bakin layi. Ya ci gishiri son ransa, bai ji daɗinsa ba. Ya yi kewarta ƙwarai, girman kai kuma ya hana shi buga waya. A kwana na tara ya rufe rumfa da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba, ya nufi gidan ƙanensa, wai zai kai masa rahoton guruf.

A falo ya same su. Malam na kishingiɗe, ƙafafu a kan matashi, Nas na durƙushe tana jera ƙwayoyi a wani ɗan akwati mai ramuka bakwai.

"Yaya, shigo," in ji Malam. "Ga wadda ka kora daga jam'iyya. Ita ta ja ni wurin likita da ƙarfi. Ya ce da na ƙara mako guda a haka, da asibiti za ku kai mini sakamakon zaɓe."

Mai Sikeli ya tsaya a bakin ƙofa. Sai a lokacin ya tuna ranar ruwan nan: wa ya gani da benci a ka, farar riga duk taɓo? Kayan da ya ce a ɗora wa Ɗan Gida, ita ta ɗauka a kan idonsa, shi kuma ya kore ta ko dutse bai ɗauko ba.

"Sannu da zuwa, Baba," in ji ta, ba ta ɗago ba.

Ya zauna a ƙasa kusa da ita, gwiwoyinsa na ƙara. Ya zaro wayar ya miƙa mata.

"Uwata, cirewa kika koya mini. Ba ki koya mini mayarwa ba."

Ta dube shi, idonta ya kawo ruwa, ta ƙi karɓa. "Da hannunka ka cire ni, da shi za ka mayar." Ta kama ɗan yatsansa mai baƙin mai, ta bi da shi wuri-wuri har sunanta ya koma. Ya ce a nuna masa na mai wanki da na mai ƙwai ma, ya mayar da su shi kaɗai.

Sannan ta jawo abin awon jini ta naɗa masa. Ta matsa, ta duba, ta ɓata fuska.

"Baba, ni taka ce, amma..."

"Faɗi," in ji Mai Sikeli, ya gyara zama. "Ina jin ki."