Uban da Ya Ƙi Faɗin Sunan Ɗansa

Mun tashi daga Damagaram ana sallame sallar asuba, ni da ƴar ƙanwata, a wata ƙaramar bas mai zuwa Tanut. Jaka huɗu-huɗu muka biya. Yaran mota suka so su ɗaure jakar takardunta a sama tare da buhunan albasa, ta ce sai dai a ɗaure ta ita ma. Aka bar mata a kan cinya.

Uwarta ce ta sa ni wannan tafiya, don ta rantse ƴarta ba za ta shiga Damargu, wato ƙasar Tanut, ba tare da muharrami ba. Ni kuwa ban yi gardama ba, domin na daɗe ina son in san abin da yarinyar nan take karantawa. Shekararta ta uku ke nan a karatun doktora, a wani fanni da sai da ta maimaita mini sau uku kafin ya zauna a kaina. Idan alƙali ya yi shakkar hankalin wanda ake tuhuma, ko ya kasa gane halin da zuciyarsa take ciki, sai ya nemi masana su duba masa. Ba ta yin allura, ba ta rubuta magani. Zama take yi da mutum ta saurare shi, ta rubuta rahoto, malaminta na jami'a ya duba ya sa hannu, a kai wa alƙali. Mu da muka yi karatun zaure mun karanta a fiƙihu cewa ba a kama mahaukaci da laifi, amma ban taɓa ganin wanda aikinsa ke nan ba, ya zauna ya tantance wane ne mai hankali. Na sa ƙaramin littafina a aljihu, wanda nake rubutu a ciki da ajami, na ce zan ga yadda ake auna abin da ba ya hawa sikeli.

Kaka ce, hanya ta yi kyau ga ido. Daga fitarmu har Bakin Birji dammunan hatsi ne jingine a gonaki, amalanke na jido, mata na sussuka a bakin rumbuna. A Sabon Kafi direba ya tsaya shan shayi, na tambayi tiyar hatsi aka ce dala ɗari da goma, na yi hamdala, don bara ba haka aka saya ba. Daga nan itatuwa suka fara ja da baya. Gawo ya ragu, sai aduwa da farar ƙaya, sai raƙuma da suke kallon motarmu kamar mu ne muka shigo musu gida ba sallama. Kwalta wani wuri sumul, wani wuri sai direba ya sauka gefe ya bi ta yashi, ya ce nan ya fi daraja. A shingen jandarma aka karɓi katinmu aka duba aka mayar mana. Kafin azahar muka shiga Tanut.

Mun sauka gidan wani tsohon abokin karatuna, aka tarbe mu da tukuɗi mai sanyi, wato dakakken hatsi da dabino da cuku. Wanda bai sha tukuɗin Damargu ba kada ya ce mini ya san daɗin hatsi.

Da la'asar na raka ta gidan kaso. Na ɗauka tare za mu shiga, har na gyara rawani. A bakin ƙofa ta juyo.

"Kawu, a nan za ka jira ni."

"Ni da na taso tun daga Damagaram?"

"Abin da zai faɗa mini amana ce. Ko uwata ba za ta ji ba."

Sai na koma gindin wata bishiyar bedi wurin mai shayi, raina a ɗan sosu. Ashe abin da aka hana ni ji a ciki, duk garin ya sani a waje. Mai shayi ya ba ni labarin tun kafin ruwa ya tafasa. Wanda ta shiga gani manomi ne daga wani ƙauye a ƙasar Belbeji, wata biyu ke nan yana tsare. Ɗansa saurayi mai shekara ashirin da ƴan kai ya faɗa rijiya ya rasu, su biyu kaɗai suna ban-ruwan dabbobi. Kwana biyu kafin nan an ji su suna sa-in-sa kan sayar da wani sa. Da aka fito da gawa uban bai yi kuka ba, bai zauna zaman makoki ba, washegari ma gona ya tafi. Dangin uwar yaron suka kai ƙara. Da aka tambaye shi sunan mamacin, ya yi shiru. Aka ce ɗanka ne? Ya ce, na gidanmu ne. Wanda ya fara rubuta takarda a kansa, baƙo ne da bai taso a wannan ƙasa ba, ya rubuta cewa mutumin ba shi da tausayi ko kaɗan, ko kuma haukan ƙarya yake yi. Idan rahoton ƴar ƙanwata ya bi wannan layi, shari'ar kisan kai ce take jiransa.

Ta fito bayan awa guda, fuskarta ba walwala. Da muka yi nisa da ƙofar sai ta juyo gare ni.

"Kawu, mene ne sunan yaya babba?"

Ɗana na fari take nufi. Na ce, "Ke ba ki san sunan yayanki ba?"

"Na sani. Daga bakinka nake so in ji."

Na buɗe baki, wallahi harshena ya ƙi. Shekara arba'in da haihuwarsa, ban taɓa kiran sunansa ba, ko a gabansa ko a bayansa. Ɗan fari ne. Haka muka tarar, haka ubana ya yi da yayana. Ba a kiran sunansa, ba a wasa da shi a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Kunya ce. Na ce mata, "Wancan dai, mai shagon taya." Ta yi dariya karon farko a ranar, ta ce tun tana ƙarama take cin tuwo a gidana, ba ta taɓa lura ba sai yau da ta zauna gaban mutumin nan. Ashe ni ma an auna ni, ban ga sikelin ba.

Na ce to shi ke nan, ki rubuta kunyar ɗan fari ce, a sake shi mu koma gida. Ta girgiza kai. Ta ce mai laifi ma zai iya fakewa da al'ada. Sai ta san ko haka yake da yaron tun yana raye, ko bayan mutuwar ya tsiro da shirun. Kuma sai ta san yadda baƙin ciki yake fita daga mutumin da aka hana shi kuka. Wannan ba a gidan kaso za a same shi ba. Ta kira malaminta a waya, suka yi ta Faransanci, ya ba ta izini.

Washegari da hantsi muka hau wata tsohuwar kat-kat, irin motar nan mai shiga yashi, mai zuwa Belbeji ta Gangara. Babu kwalta, sai sawun motocin da suka riga mu. Mu goma sha biyu ne a baya, da tumaki uku, da wani Buzu mai fara'a da ya sayar mini da cuku biyu a dala ɗari biyu, sannan ya taya ni cinye ɗaya. Sau biyu muka kafe a yashi, maza suka sauka turi. Ni aka ce in zauna saboda furfura, na zauna ina ja musu salati, wanda shi ma turi ne. A Gangara muka yi azahar, muka ci dambun zogale a wurin wata mata da ta ƙi karɓar kuɗin ruwa. Ƙasar nan faɗi gare ta. Ka duba gabas ka duba yamma, ba abin da zai tare maka ido sai rumbu ko garken shanun Fulani da suka fara gangarowa cin karan gonaki.

Mun kwana Belbeji, da safe aka kai mu ƙauyen a amalanken shanu. Ba zan faɗi sunansa ba. Abin da zan faɗa a tsakar gida aka yi shi, gaban mutane, kuma tsohuwar da ta yi maganar ta ce in gaya wa duk wanda zai ji.

Ita ce uwar mutumin da ke tsare, kuma ita ta goyi mamacin tun daga yaye, kamar yadda ake ba kaka ɗan fari. Ita bakinta ba kunya. Ta kira sunansa ya fi sau ashirin, tana ce masa maigidana, irin wasan kaka da jika. Ƴar ƙanwata ta zauna a tabarma ta ajiye alƙalami, ta bar ta ta yi ta zuba. Na lura ba ta taɓa ce mata "ashe yana son ɗansa" ba. Sai dai ta ce, "Inna, ranar sallah fa, yaya suke yi?" Na tambaye ta daga baya, ta ce idan ka sa wa mutum amsa a baki, taka ce za ka ji ba tasa ba.

"Ranar sallah?" in ji tsohuwa. "Ƴar nan, shi zai je kasuwa ya sayo riga, ya zo ya jefa mini a ɗaki ya ce, ga wannan, ko akwai mai so. Wa zai so? Ni zan sa rigar saurayi? Shekara ashirin da uku, ko sau ɗaya bai kira shi ba. Kai, yake cewa. Ko ya ce, ina mutumin naki?"

Maƙwabta biyu da aka tambaya daban-daban suka faɗi haka. Sa-in-sa kan sa kuwa an yi, ba wanda ya musa.

Sai tsohuwa ta tashi da sandarta ta ce mu biyo ta bayan gida. Akwai wani ƙaramin rumbu sabo, an liƙe bakinsa da laka. Ta ce gonar da ya tafi washegarin rasuwa ba gandun gida ba ce, gayaunar yaron ce, ƴar gonar da saurayi yake nomawa don kansa. Hatsinta ya riga na kowa nuna. Mutane suka ce za su yi masa gayya, ya ƙi. Shi kaɗai ya girbe ta cikin kwana shida, ya ɗaure, ya gina rumbun nan da hannunsa ya zuba ya liƙe. Bai ce a ci ba, bai ce a sayar ba. A kwanakin nan shida, in ji ta, furar da take aika masa gona haka take dawowa ba a taɓa ba.

Na tsaya ina kallon rumbun. Ƴar ƙanwata ta ɗauki alƙalaminta ta yi rubutu kaɗan. Muka bi ta wurin rijiyar a hanyar komawa, na leƙa, kaina ya juya. Itatuwan bakinta sun sha igiya har sun yi santsi kamar an shafa musu mai. Na ce ta rubuta wannan ma. Ta ce ba aikinta ba ne ta ce ya tura shi ko bai tura shi ba, wannan na masu bincike ne da alƙali. Nata shi ne ta faɗi ko wane irin mutum ne, da abin da shirunsa yake nufi da abin da ba ya nufi.

Muka koma Tanut da ƙullin fura da tsohuwa ta ba mu. Ƴar ƙanwata ta sake shiga wurin mutumin, wannan karon awa biyu da rabi. Abin da suka yi magana ban sani ba har yau. Da ta gama ta rufe littafinta, sai wani mai gadi ya zo gindin bedi ya ce mutumin ya ji akwai malami a waje, yana roƙon a yi wa mamaci addu'a. Aka ba ni izini, ita ta tsaya waje.

Dogo ne, ramamme, hannuwansa duk kanta. Muka gaisa, bai ɗago ido ba. Na ɗaga hannu zan fara, sai ya ce a hankali, "Malam, tsohuwa ta gaya maka sunan?"

Na ce ta gaya mini.

"To ka faɗa a ciki. Ni zan ce amin."

Na roƙi Allah ya jiƙan wane ɗan wane, na kira sunan sau uku. A na ukun amin ɗinsa ba ta fito ba. Ya ja gefen rawaninsa ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa. Na tsawaita addu'ar da gangan har ya natsu, don kada in shafa fatiha in same shi a haka.

Washegari muka kamo hanyar gida, muka iso Damagaram ana kiran magariba, jikina duk ciwo, aljihuna da cuku guda. Ƴar ƙanwata ta yi kwana goma tana rubutu, malaminta ya mayar mata da shi sau biyu kafin ya sa hannu. Shekaranjiya ta kira ni ta ce alƙali ya yi wa mutumin sakin talala. Shari'a ba ta ƙare ba, amma zai jira ta a gidansa. Allah ya bayyana gaskiya, ya ba dangin duka biyu haƙuri.

Na tafi ina zaton ilimin nan wata na'ura ce ta leƙa zuciya. Na dawo na san haƙuri ne da tafiya, da hana kanka yanke hukunci ko da amsar ta yi maka daɗi. Ni da na san al'adar tun ina yaro, da an bar ni da na sallame shi tun ranar farko ba hujja, kamar yadda baƙon nan ya kusa hallaka shi ba hujja. Na tambayi ƴar ƙanwata, duk wahalar Gangara da Belbeji da amalanke, shafi nawa ta ci a cikin rahoton?

Ta ce, "Layi huɗu, Kawu."