Mitar Karfan Ba Ta Motsa Ba

Ni dai tun a Kano aka koya mini cewa duk maigidan da ya sunkuya yana duba mitar mota, ba lafiyar motar yake tambaya ba, halin direba yake tambaya. Shekara tara na yi ina tuƙa wani ɗan kasuwa wanda in zai yi tafiya sai ya sa alli ya ja layi daga taya zuwa siminti, don kada in yi masa kabu-kabu a bayan idonsa. Da wannan karatun na shigo Riyad ta Saudiyya, ban kuma taɓa tunanin akwai wani karatun daban ba.

Kafilina, wato maigidan da ya ɗauke ni aiki ya kuma tsaya mini a ƙasar, dattijo ne ɗan fansho, gidansa a unguwar Suwaidi. Ban da motar da nake kai iyalinsa unguwa da ita, yana da karfan, wato irin motar nan mai ɗaki a bayanta, da gado da kicin da banɗaki, giyarta otomatik. Lokacin sanyi kaɗai ake fita da ita, a tafi sahara a kwana uku ana shan gahawa. Da zafi ya kama sai a kai ta wani fili nasa mai katanga a bayan gari, a ajiye ƙarƙashin rumfar kwano har sanyi ya zagayo.

Satina biyu da kama aiki mai gadin gidan maƙwabta, wani ɗan Sudan mai son labari, ya tare ni ina wanke mota. Ya ce, "Ka san abin da ya kori wanda ka gada? Addad ɗin karfan." Addad shi ne mita a bakinsu. Ya ɗaga hannu sama ya kwaikwayi tashin jirgi. Ban tambaye shi ƙarin bayani ba, don a ganina magana ta fito fili: mutumin ya yi yawo da motar mutane, mita ta tona masa asiri, aka sallame shi gida. Na ce a raina, to ni ba za a ga wannan ranar a kaina ba.

Da zafi ya shigo, tsohon ya shirya tafiya wurin ɗansa a ƙasar waje don a duba masa gwiwa, wata biyar zai yi. Iƙamata kuwa, takardar zamana a ƙasar, za ta ƙare wata guda bayan dawowarsa, kuma sai da yardarsa za a sabunta ta. In ya ƙi, sai jirgi. Ina da mata da 'ya'ya huɗu a gida, duk wannan katin suke ci.

Ana jibi zai tashi ya ce in kai shi filin. Ya hau karfan da ƙyar, ya murɗa makulli, sai na ga ya zaro waya ya ɗauki hoton mita. Na ce yauwa, biri ya yi kama da mutum, allin Kano ne ya zo Riyad ya zama hoto. Ya sauko ya danƙa mini makullin, ya ce, "Harrikha, ya waladi," wato in motsa ta. Na ce, "To, Ammi," don haka nake kiransa, kamar a ce baffa. Da yamma ya turo mini hoton, da saƙon murya na kusan minti biyu.

Larabcina a lokacin na kasuwa ne, nawa, kawo, tafi, tsaya. Shi kuwa tsohon in yana magana kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Na saurari saƙon ya fi sau goma, abin da na tsinta uku ne: addad, da "in na dawo zan duba", da ambaton tsohon direba. To me ya rage? Kashedi ne ƙarara. Batun "motsa ta" kuwa na fassara wa kaina shi da abin da kowane direban Kano ya sani, wato wamin: ka tayar da inji, ka bar shi ya yi ɗumi, ka kashe.

Haka na riƙa yi. Duk Asabar da safe in tafi filin, in tayar da ita giya na kan P, in ja burkin hannu in ƙara ja, in zauna minti goma sha biyar ina kallon mita kada ta yi gigin juyawa. Har alli na saya, na ja layi a tayoyi huɗun da hannuna, na ɗauki hoto. Na ce in shi wayo yake ji, ya tarar da wanda ya riga shi tashi.

Akwai wani makanike Badamagare a unguwar Gubaira, ya fi shekara ashirin a ƙasar, Larabci a bakinsa kamar a nan aka yanke masa cibiya. Wurinsa nake kai motar gida canjin mai, mukan kuma taɓa wasan Kanawa da Damagarawa. Wata rana bakina ya suɓuce na ba shi labarin karfan. Ya ajiye sifana ya dube ni.

"Bakano, wata nawa ke nan ba ta taka ƙasa ba?"

"Biyu."

"La ilaha! Otomatik ce fa. Wamin ɗinku na Kano inji kaɗai yake yi wa amfani. Ita giya sai an yi tafiya man ya yi zafi ya zaga ko'ina, ta shiga ɗaya ta shiga biyu har ta ƙure. In ba haka ba, zafin garin nan ya busar da robobin ciki su tsattsage. Taya ma ta kwanta ta gefe guda, burkin hannun nan da kake ja ya manne. Duk sati biyu ka fita da ita. In kana tsoro ni sai in raka ka ran Juma'a, mu ɗauki mutum biyu mu sha shayi a bayan gari."

Da ya tsaya a maganar robobi, wataƙila da na ji. Amma da ya kawo shayi da mutum biyu, sai na ce a raina, a'a, ga inda aka dosa. So yake ya ɗana motar Larabawa da iƙamata. Na kuma tuna yana da ƙani da ke neman aikin tuƙi a gidan mutane. Ruwa ba ya tsami banza.

Na ce, "Mai ita ya hana. Har saƙo ya turo."

Ya miƙo hannu. "Kunna in ji."

Na mayar da wayar aljihu. Ina dalili in kunna wa Badamagare muryar kafilina yana ja mini kunne kamar yaro? Kafin la'asar duk Hausawan Gubaira da Ulaisha sun ji cewa ba a yarda da ni ba, masu neman gurbina su fara wanke ƙafa. Na ce masa, "Na ji abin da ya ce, ai ba kurma ba ne ni." Ya yi dariya ya ce, "Wayon Bakano, ya sayi ruwa a bakin rijiya." Daga ranar na canza wurin canjin mai.

A wata na huɗu na ga ɗigon jan mai a siminti, daidai tsakiyar motar. Maimakon in tuna maganar makanike, sai na hau zargi. Wa ya shigo? Na duba kwaɗon ƙofa, na bi katanga ina neman sawu, har na fara tunanin ko ɗan Sudan ɗin nan yana da makulli. Layin allina dai yana nan bai goce ba. Na ɗebo yashi na rufe ɗigon, sati na zagayowa na tarar da wani, na sake rufewa. Kullum in na kwanta sai in ji abin yana cina, amma da na tuna mita ba ta motsa ba sai in sami barci.

Tsohon ya dawo da sanyi ya fara shigowa, yana dogara sanda. Kwana uku da sauka ya ce mu je filin. Wallahi da fara'ata na tafi, har sabuwar jallabiya na sa. Ya hau, ya murɗa makulli, ya zaro waya, ya dubi hoto, ya dubi mita, ya sake duban hoto. Ni kuwa ina tsaye ina jiran a ce masha Allah. Na ce, "Ko kilomita ɗaya, Ammi. Duba ma." Na nuna masa allin.

Ya sauke burkin hannu, ya ja giya zuwa D, ya taka. Inji ya yi gurnani, mota tana tsaye. Ya ƙara takawa, sai ta yi wata irin zabura da ƙara kamar an buga guduma a ƙarƙashinta, ta yi taku biyu tana ɗingishi ta tsaya. Inda ta tashi, ga tulin yashina ya jiƙe jawur.

Ya sauko. Ranar ce kaɗai ya yi mini magana a hankali, kalma bayan kalma, har na fahimci komai.

"Ka saurari saƙona?"

"Na saurara, Ammi."

"Wancan direban lalaci ne ya hana shi fita da ita, sai da na sauke giyar gaba ɗaya. Kai kuma mene ne ya hana ka?"

Ya sa kan sandarsa ya taɓa layin allin.

"Wannan don wa ka zana?"

"Don ka san ban taɓa maka ita ba."

Ya daɗe yana kallona. Ba fushi na gani a fuskarsa ba, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Ashe tarko ka zaci na ɗana maka. A gidana kake ci, kai kake ɗaukar jikokina. Mutum yana ba wanda yake zargi makulli?"

Bai sa ni a jirgi ba, Allah ya saka masa. Amma bai sabunta iƙamar ba. Ya ce ya ba ni wata guda in nemi wani kafilin a mayar da ni hannunsa, don ba zai iya zama da mutumin da ke tsoronsa har haka ba. Na yi kwana ashirin ina yawon neman wanda zai karɓe ni, kunya kuma ta hana ni gaya wa matata dalili.

A cikin kwanakin nan ne ƙafata ta kai ni Gubaira, don karfan ɗin ma can aka jawo ta. Na tarar da Badamagare a ƙarƙashinta, ƙafafunsa kaɗai ake gani. Ya fito yana goge hannu, bai yi mini wasan Bakano ba, abin da ya ƙara karya mini zuciya ke nan. Na zaro waya na miƙa masa.

"Kunna ka ji."

Ya kara a kunne, yana ji yana mayar mini da Hausa. "Ya ce duk sati biyu ka fita da ita, ka yi tafiya mai ɗan nisa har giya ta yi zafi. Kada ka bar ta a burkin hannu, ka sa mata dutse a taya. In ya dawo zai duba mita ya ga ka yi, kada ka yi irin ta wancan da ya bar ta ta bushe." Sai ya daina fassarawa, saƙon kuma bai ƙare ba, ina jin muryar tsohon tana ci gaba har da 'yar dariya.

Na ce, "Sai me?"

"Bar shi, Malam."

"Don Allah faɗa mini."

Ya miƙo mini wayar ba tare da ya dube ni ba. "Ya ce in hanyar ta yi maka kaɗaici, ka ɗauki 'yan'uwanka Hausawa ku je bayan gari ku sha shayi a ciki. Ya ce akwai sukari a durowar hagu."

Yanzu tankar ruwa nake tuƙawa a hannun wani kafilin, bayan ya karɓe ni sai da na yi wata biyu ina jira kafin in samu motar. Ranar, kafin in bar garejin, na hau karfan na jawo durowar hagu. Sukarin yana nan, zafi ya dunƙule shi, ko buɗe ledar ba a yi ba.