Ragowar Ƙwayoyi

Tana tsaye a tagar ɗakin maganinmu a Birnin Kebbi, tsohuwa siririya, silifas ɗinta duk busasshiyar laka irin ta fadamar Gulma. Da alama tun asuba ta hau mota. Sai murza ƙullin bakin zanenta take yi. Ni kuwa na gaji da masu neman taramadol ba takardar likita, don haka kafin ta buɗe baki na ce, "Babu, Inna!"

A hankali ta kwance ƙullin, ta turo min ƙwayoyi.

"Ba amsa niz zo yi ba, ɗan nan. Na ɗiyata ne, ta cika ran Talata. Tsoro nike yaranta su sha."

Ta juya. Ko ta'aziyya ban yi mata ba.