Lambar Haboba Kulu

A ƙauyenmu na bakin Nilu, kudu da Abu Hujar a ƙasar Sudan, ba a cika ganin Haboba Kulu, wato Kaka Kulu da Larabcin nan, a zaune ba. Mai fura ce, ta haura shekara saba'in, amma a tsaye take damu, a tsaye take gaisuwa. Ni ne magatakardan ɗakin shan magani, ita kuma ƙawar mahaifiyata ce, don haka na san labarin da ya hana ta zama.

Mahaifinta ya baro ƙasar Sakkwato a ƙafa da niyyar Hajji. A Sawakin, inda ake shiga jirgin ruwa, aka yi masa lamba, wato rigakafin agana da ke barin tabo a damtse. Tasa ba ta tashi ba. Mai duba matafiya ya ɗaga masa hannun riga, bai ga tabo ba, ya mayar da shi gefe, jirgi ya tafi. Ya dawo bakin kogi ya kama noman dawa, yana cewa baɗi, har ya rasu. Kulu ta tashi da wannan labarin kamar jiya ya faru.

A shekarar 2010 ɗanta Sadisu ya samo musu kujera su biyu, kuma ta Sawakin za su bi. A lokacin ana yi wa maniyyata allurar mura, musamman tsofaffi, domin a sanyin da ya wuce mura ta kwantar da dattawa da yawa, ta tafi da wasu. Kulu ce ta fara zuwa. Hanan, ma'aikaciyarmu, wadda Larabcinta ya fi Hausarta ƙarfi, ta yi mata, na buga wa katinta hatimi.

Ba a yi mako ba sai ga ta a ƙofa, ta naɗe hannun riga.

"Ɗiyata, ba ta kama ba."

"Mi ne bai kama ba, Haboba?"

"Lambar. Duba, sumul kamar bayan ƙwarya. Ruwa kika ɗura mini?"

Hanan ta ce wannan tat'im ne, wato allurar rigakafi, ba ya barin alama. Kulu ta ce ita ba ta san tat'im ba, lamba ta sani, kuma lambar da ba ta yi tabo ba ba ta shiga ba. Ta juyo kaina. "Kai ɗan Ma'u, kai da na goya, gaya mata ta sake." Na nuna mata katin, na ce shi za a duba. Ta ce takarda iska na ɗauka, fata kuwa tana nan.

Daga ranar ta ƙara rasa sukuni. Ta bar furar, ta hau motar kasuwa zuwa Abu Na'ama, aka ce mata ba a yi sau biyu. Ta wuce Sinja, nan ma haka. Kowace safiya sai ta biyo ta tagata ta miƙo damtse, wai in duba ko wani abu ya fara tasowa. Sadisu yana can yankan riɗi, bai san abin ya kai haka ba.

Sai ta tafi wurin Mati wanzami, abokin wasanta tun ƙuruciya. Shi da kansa ya ba ni labarin daga baya. Ya ce mata, "Ke tsohuwa, tabon da za ki saya ai ba lamba ba ne." Ta ce, "Maganin yana ciki, ƙofa ce kawai ba a buɗe masa ba. Ko askarka ta tsufa kamar kai?" Ya tsaga mata daidai gurbin allurar, ita kuma ta je gida ta shafa toka don wurin ya tashi da kyau.

Ya tashi kuwa. Damtsen ya kumbura, zazzaɓi ya rufe ta, ga ranar tafiya ta matso. Sadisu ya kawo ta a amalanken jaki, yana ta faɗa da Larabci. Hanan ta wanke ciwon, ta ba ta magani, ta ce in zazzaɓin bai sauka ba babu mai barin ta shiga jirgi. A nan na ga tsoro a fuskar Kulu. Ta ce, "Shi an mai da shi don babu tabo, ni kuma za a mai da ni don akwai?" Ko a hakan ba ta yarda ta kwanta a gadon ba, zagaya ɗakin ta riƙa yi tana dafa bango, har Hanan ta ce za ta ɗaure ta da mayafi.

Zazzaɓin ya sauka ana jibi tafiya. Sauran labarin daga bakin Sadisu na ji. A Sawakin wani matashin ma'aikaci ya karɓi katunansu, ya duba, ya ce su wuce. Kulu ta ƙi motsi. Ta janye mayafi ta miƙa masa damtse. Ya kau da kai, ya ce, "Rufe, ya Hajja, ba a buƙata." Layi ya tsaya, mutane suka fara gunaguni. Sadisu ya raɗa masa cewa don Allah ya duba, ya kuma koya masa kalmar da zai faɗa. Matashin ya leƙa tabon, ya ce da Hausar da ba tasa ba, "Ta kama."

Sadisu ya ce tana shiga jirgin ta samu wuri ta zauna, ta miƙe ƙafa, ba ta tashi ba sai don salla har suka hango Jidda.

Ta dawo babu tarin da alhazai kan dawo da shi. Hanan ta ce allura ce, Kulu ta ce lamba ce. Da shekara ta zagayo, maniyyata tsofaffi suka zo da kansu, har da waɗanda a da ba sa yarda allura ta taɓa su. Dole na je na zauna da Mati, ya yi alkawarin ba zai sake tsaga wa kowa ba. Kulu kuwa tana tsakar gidan ɗakin magani, tana kai da kawowa, tana ɗaga wa kowa hannun riga.