Agwagwar da Na Kai wa Kawu

A kakar shekarar 2012 aka kawo mini ƙanen mahaifiyata Alƙahira neman magani. Ciwo ne a maƙogwaronsa, ya hana shi haɗiya. Ina karatu a can, ina haya a unguwar Faisal, saboda haka ba wanda ya tambaye ni ko zan iya. Ɗan'uwa yana Masar kuma yana jin Larabci, magana ta ƙare. Na zama tafinta, na zama kuku, na zama mai amsa wayar babbar 'yarsa da ke gida, wadda kullum tambayarta ɗaya ce: "Ya ci abinci?"

Bai ci ba. Likita ya yi iya yinsa, sannan ya ja ni gefe ya ce gara mu mai da shi cikin iyalinsa. Sai dai a yadda yake ba zai sa hannu a ɗora shi a jirgi ba, sai ya ɗan yi ƙarfi, ƙarfi kuwa sai da ci. Kawu ba ya jin Larabci, amma ya karanci fuskata. Shi ma ya daina zancen warkewa. Burinsa kawai ya cika a ɗakinsa, a garinmu da ke bakin fadamar Nguru.

Ba abin da ban gwada ba. Na dama kunu, na kaɗa miyar lalo irin ta Misirawa, na yi romon tantabara. Sai ya dubi kwanon ya juya fuskarsa bango. Wata rana ina kwashe kwanukan ya ce, "Ɗan nan, da zan sami romon dinya, da na sha."

Kawu maharbin ruwa ne. Ba da bindiga yake yi ba. Yakan saki ƙorai a fadama su yi ta yawo har tsuntsaye su saba da su, sai ya huda wa ɗaya idanu ya kifa a kansa, ya shiga ruwa iya wuya, ya je har tsakiyarsu ya ja ƙafar wadda ya zaɓa. Na ruga kasuwa na sayo dinya, babbar agwagwar nan, tiƙeƙiya. Ko dafawa ban yi ba ya dubi kitsenta ya ce, "Wannan ta gida ce, da dusa aka yi kiwonta. Ko tashi ba ta taɓa yi ba." Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutum ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, amma yana tantance tsuntsu. Na shiga kicin na yi ta mita ni kaɗai, daga baya na zauna a ƙasa don ban san abin yi ba.

Mai gadin gidanmu mutumin Fayyum ne, kuma yana da wa mai harbin agwagi a tafkin Karun. Shi ya haɗa mu. Na bar wani abokin karatuna da Kawu, na kwana a ƙauyen wan nasa, bayan sallar asuba muka shiga kwalekwale. Ban iya iyo ba, kuma ban faɗa wa kowa ba. Maharbin ya zazzage buhu, sai ga agwagin katako fentinsu duk ya koɗe, kowace da igiya da ɗan dutse. Ya jera su a kan ruwa, ya tura mu cikin ciyawa, ya ce in rufe bakina. Na tambaye shi dinya fa? Ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri ya shehi, dinya ba ta cika zuwa nan ba. Abin da Allah ya kawo shi ne naka."

Rana na hudowa wani garke ya zo ta sama. Suka kewaya, ya yi musu fito, suka sake kewayawa, sai suka saki ƙafafu suka nufo 'yan katakon nan hankalinsu kwance. Ya harba. Ɗaya ta faɗo tana fuffuka, ya miƙo mini ita da wuƙa yana cewa, "Yalla, yanka, yanka!" Na yi bisimilla na yanka. A hanyar komawa na tambaye shi ko naman da daɗi. Ya ce shi dai yana ci, amma matarsa ba ta yarda ya shiga tukunyarta sai ya kwana a ruwan tsami.

Ban fige ta ba, don kada Kawu ya ce ta gida ce. Yana ganinta ya ce in tashe shi zaune. 'Yar ƙarama ce, mai farin layi a saman ido. Ya buɗe fiffiken, ya latsa ƙirjin, ya kai ta hanci.

"Na san ta," in ji shi. "Baƙinmu ne. Da an yi girbi suke sauka a fadamarmu. Wannan wajenmu za ta, ka tare ta a hanya."

Na ba shi labarin agwagin katako. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Ta ga 'yan'uwa zaune lafiya, sai ta sauko. Ni ma haka aka ce mini su wane sun je Masar sun warke."

Na yi farfesu da citta da kanumfari da ɗan guntun daddawar da nake ɓoyo. Ƙarni ya cika gidan har maƙwabciyarmu ta rufe taga. Na ɗebo romo a cokali na ba shi. Ya riƙe shi a baki, ina kallon maƙogwaronsa yana kai da komo, ina addu'a a zuci. Romon ya dawo ta gefen bakinsa. Ya ce in ƙara. Na ƙara, ya sake dawowa. Ya goge gemu da kansa, ya turo mini kwanon.

"Cinye. Ba a kashe ta a zubar."

Na ce na ƙoshi. Ya ce ba shawara yake ba ni ba. Haka na zauna a gabansa na ci, nama tauri kamar fata, hawaye na zuba a kwanon, shi kuwa yana bin kowace loma da ido.

"Da daɗi?"

"Da daɗi, Kawu."

"Ƙarya kake. Ba ta taɓa daɗi ba. Mu ma yunwa ce ke sa mu ci."

Bayan la'asar 'yarsa ta kira. "Ya ci abinci?" Na dubi kwanon, ba komai sai ƙashi. Kawu ya gyaɗa mini kai, alamar in ce e. Na ce e. Ta yi hamdala da ƙarfi har yana jiyowa, ta ce gobe za ta sa a share ɗakinsa a shimfiɗa sabuwar tabarma.

Sanyi bai wuce ba muka binne shi, a Alƙahira.