Leɓen Akushin Fadima

Duk wanda ya ci tuwo a Matamaye kafin kwanukan Kano su cika kasuwa, da wuya bai ci a akushin Shekara masassaƙi ba. Shedar aikinsa a leɓe take: ka zagaya bakin akushin da auduga, ko zare ɗaya ba zai maƙale ba.

A shekarun 1950 hazo ya fara rufe masa ido. Ya tsaga leɓen akushi a gaban mai saye, ya rataye gizagonsa, ya koma gona.

Sai auren 'yarsa Fadima ya taso. Ta durƙusa ta ce, "Baba, ni ban son kwano. Akushinka nake so in tafi da shi."

Gungumen itacen danya guda ya rage masa, ga masu gandun daji sun hana sara. In ya ɓata shi, yarinya ta tafi hannu wofi.

Ya kai wuƙarsa wurin abokinsa Muntaka maƙeri.

"Kai da ba ka bambanta jaki da buhun gero, me za ka yanka?" in ji Muntaka.

"Wasa mini ita, sarkin surutu. Ba kunnenka zan yanka ba."

Fafe cikin bai ba shi wahala ba, gizago ya san hanya. A leɓe ne hannunsa ya tsaya. Matarsa A'ishatu tana kaɗi a gefe, ta ce, "Maigida, in akuyarmu ta shigo, ai ba ka duba ta, shafa ta kake yi."

Shekara ya jawo akushin. Ya ɗora babban yatsa a bakin itacen, ya shafa gaba, santsi; ya dawo baya, kaushi. Ashe kwanciyar jijiyar itacen tana nan a yatsa. Ya bi ta da wuƙa, yana ɗebo ɓawo siriri kamar na albasa. Inda yatsan ya ji kaushi, sai ya tsaya, ya juya akushin, ya faro daga ɗaya gefen.

Da ya gama, A'ishatu ta tsinko auduga daga kaɗinta, ta zagaya leɓen a hankali, ta sa masa ita a tafin hannu.

"To?" ya ce.

"Taɓa ka ji mana."

Sumul take, yadda ta fito, ko zare ɗaya bai maƙale ba.

Da kasuwa ta zagayo ya saɓa gizagonsa ya fito. Muntaka ya hango shi ya ɗaga murya: "Makaho ya dawo!"

"Ya dawo. Hura wutarka, akwai washi."