Muryar Farantin Kaka

Jiya wani mai sayen tsofaffin kaya ya zo daga Ɗan Issa, ya roƙi ganin farantin tangaran da kakata ta bari. Ya kifa shi, ya nuna shuɗin rubutun da ke gindinsa. Mu hatimin aljannu muka ɗauke shi, ba ma taɓa wurin sai da bisimilla. Ya ce sunan wani sarkin Sin ne, amma akwai jabu, sai ya ji muryar farantin zai gane tsufansa. Da ya ɗaga farce zai ƙwanƙwasa, na riƙe hannunsa.

Haka Kaka take yi duk Juma'a. Takan ɗora shi bisa yatsu uku, ta ƙwanƙwasa bakinsa, ta kasa kunne har ƙarar ta ɓace. Takan ce, "Ranar da muryarsa ta dushe, ku nemo min likkafani."

Wata Alhamis ina goge shi ya bugi bakin turmi. Tsagar ba ta fi silin gashi ba, na mayar da shi cikin adaka, na ja bakina. Washegari ta ƙwanƙwasa, ya yi ƙwas kamar busasshen ƙoƙo. Ta daɗe tana kallona.

"Jikalle, miƙo min carbina," iyakar abin da ta ce ke nan. Ba ta ga wata Juma'ar ba.

Na san ajali na Allah ne, amma har yau ba na barin kowa ya ƙwanƙwasa farantin. Allah ya haskaka kabarinta, ya sa ta yafe min kafin mu haɗu.